Ryzen 9000 ko Core Ultra 200S: Wanne Ya Dace da Aikin da Za Ka Ba Kwamfutarka?

Wanda zai haɗa sabuwar kwamfutar tebur yanzu, gidaje biyu ne a gabansa. AMD ya fito da jerin Ryzen 9000 a watan Agustan 2024, Intel kuma ya biyo baya da Core Ultra 200S a watan Oktoban shekarar. Tambayar da aka saba yi, wai wanne ya fi ƙarfi, ba ta da amsa ɗaya kuma, domin tseren ya rabu biyu. Furosesan da ya wuce kowa a wasanni ba shi ne ke gama haɗa bidiyo da wuri ba, kuma wanda ke da cibiyoyi 24 (wato ƙananan sassan da ke yin lissafi a cikin furosesa) yakan sha kashi a hannun mai 8 idan aka kunna wasa. Sai ka san aikin da za ka ba kwamfutar kafin jadawalin maki ya yi maka amfani.

A ɓangaren AMD, ƙirar da ake kira Zen 5 ce a ciki, kuma cibiyoyinta duk iri ɗaya ne, kowace tana jan zaren aiki biyu, wato jerin umarni biyu a lokaci ɗaya. Ryzen 5 9600X yana da 6, Ryzen 7 9700X yana da 8, Ryzen 9 9900X yana da 12, Ryzen 9 9950X kuma 16 masu jan zare 32. Intel ya bi wata hanya dabam: yana haɗa manyan cibiyoyi masu gudu da ƙanana masu tattalin wuta. Core Ultra 5 245K manya 6 ne da ƙanana 8, Core Ultra 7 265K manya 8 da ƙanana 12, Core Ultra 9 285K manya 8 da ƙanana 16. A wannan zangon Intel ya cire dabarar jan zare biyu gaba ɗaya, don haka 285K cibiya 24 ne, zare 24. Wanda ya jera lambobi kawai zai ce 24 ta fi 16, wani kuma ya ce 32 ta fi 24. Dukansu sun yi kuskure, domin ƙaramar cibiyar Intel ba ta kai cikakkiyar cibiyar Zen 5 ba, zare na biyu kuma ba cibiya ta biyu ba ce, cike giɓi kawai yake yi a lokacin da na farko ke jiran bayanai.

Wasanni: inda ma'ajiya ta kayar da gudu

A nan magana ta ƙare da wuri. Ryzen 7 9800X3D, wanda ya fito a watan Nuwamban 2024, shi ne ya shiga gaba da fitowarsa, kuma dalilin ba gudun agogo ba ne. Iyakar gudunsa 5.2 GHz, alhali 285K yana kai 5.7. Abin da ya bambanta shi shi ne ma'ajiyar kusa ta mataki na uku, wadda ake rubutawa L3: 96 MB gare shi, 9700X na da 32, 285K na da 36. Wasa yana yawan komawa kan bayanai iri ɗaya, wato wurin da kowane abu yake, lissafin karo, da umarnin da za a tura wa katin hoto. Idan bayanan na cikin L3, furosesa na samunsu cikin nanosakan goma da 'yan kai. Idan sai an je RAM, jiran ya kai 70 zuwa 80. Cibiya mai gudu da ke tsaye tana jira ba ta amfana da gudunta komai. Shi ya sa wasanni masu tarin lissafi a bayan fage, irin su Microsoft Flight Simulator, Factorio da Baldur's Gate 3, suke nuna tazara mai faɗi.

A X3D na baya, wato furosesocin AMD masu ƙarin L3, irin su 5800X3D da 7800X3D, ƙarin ma'ajiyar a saman cibiyoyi aka ɗora ta, ta zama kamar bargo da ke tare zafi, dole aka rage gudu. A 9800X3D an mayar da ita ƙasa, cibiyoyin suna taɓa murfin ƙarfe kai tsaye. Sakamakon shi ne ya fi sanyi, ya fi gudu, kuma ba a kulle shi ba ga mai son ƙara masa gudu da hannu.

Shi kuwa 285K, fitowarsa ta zo da abin kunya: a wasanni da dama bai kamo Core i9-14900K da ya gada ba. Intel ya daina yin furosesan a dunƙule, ya rarraba shi fale-fale da aka jera a kan tushe ɗaya, kuma mai kula da RAM ya koma wani fale dabam da na cibiyoyi. Tafiyar ta ƙaru, jinkiri ya ƙaru. An yi gyare-gyare ta BIOS da Windows, sannan a 2025 aka fito da saitin 200S Boost wanda ke ɗaga gudun hanyoyin cikin gida zuwa 3.2 GHz kuma ya yarda da RAM har DDR5-8000 ba tare da garanti ya lalace ba. An samu ci gaba, amma da sauran rina a kaba, bai kamo X3D ba.

Sai dai a lura da yadda ake yin waɗannan gwaje-gwajen. Masu gwaji suna amfani da katin hoto mafi ƙarfi, su sauke girman hoto zuwa 1080p, don nauyin duka ya faɗa kan furosesa. Hanya ce mai kyau ta gano bambanci, amma ba haka yawancin mutane ke wasa ba. Da zarar an hau 4K, ko kuma katin hoton matsakaici ne, katin ne ke gajiya tukuna, sai ka ga 9600X da 245K da 9800X3D sun kusan haɗuwa a wuri ɗaya. Allo ma yana da nasa iyaka. Mai sabunta hoto sau 60 a sakan yana ba furosesa milisakan 16.7 ya shirya kowane hoto, kuma duk waɗannan suna gamawa da sauran lokaci. Mai 240 kuwa milisakan 4.2 kacal yake bayarwa, a nan ne X3D ke biyan kuɗinsa. Idan za ka duba jadawali, kar ka tsaya a matsakaicin adadin hotuna, nemi layin kashi 1 mafi ƙasa. Shi ne ke nuna tsinkewar da ido ke gani lokacin da fili ya cika da abubuwa.

Aiki mai nauyi

Nan lamarin ya fi daɗin tattaunawa, domin babu wanda ya share fage. A manhajar gwajin ƙarfi ta Cinebench, idan aka gwada dukkan cibiyoyi, 285K da 9950X kafaɗa da kafaɗa suke. A Blender da buɗe fayilolin da aka matse da 7-Zip, 9950X yakan ɗan wuce, saboda irin aikin da zare biyu ke jin daɗinsa ne. A Photoshop ma Zen 5 ne ke gaba, tun da manhajar ba ta damu da yawan cibiyoyi ba, saurin amsawa take so.

A tsakiya kuwa Intel ne ke da baki. 265K mai cibiya 20 ya yi wa 9700X nisa a duk aikin da ake iya rabawa, kamar fitar da bidiyo ko harhaɗa manhaja daga rubutunta, har yana gogayya da 9900X. Haka 245K yake yi wa 9600X. Wanda kwamfutarsa ta neman abinci ce da rana, wasa kuma sai in an samu sarari, 265K na daga cikin zaɓin da ake yawan rainawa ba bisa ƙa'ida ba, don kawai labarin wasanni ya ɓata wa dukan jerin suna.

Abubuwa biyu suna iya yanke hukunci su kaɗai. Na farko AVX-512, wato jerin umarni da ke ba furosesa damar yin lissafi a kan bayanai masu yawa a tashi ɗaya. Zen 5 na tebur yana da cikakkiyar hanya mai faɗin bit 512, Intel kuwa ba ya ba da shi a furosesocin gida na yanzu. Yawancin manhajoji ba su san da shi ba, amma wasu na lissafin kimiyya, wasu na ƙirƙirarriyar basira da ake gudanarwa a kan furosesa, da mai kwaikwayon PlayStation 3 da ake kira RPCS3, suna samun ƙari sosai. Na biyu Quick Sync na Intel. Kyamarori da yawa suna ɗaukar bidiyon HEVC mai bit 10 da tsarin launi 4:2:2, kuma sashen hoto da ke cikin furosesan Intel yana warware shi kai tsaye, sai tafiya a kan layin tacewa ta yi santsi a Premiere Pro ko DaVinci Resolve. Wanda ya sayi mai harafin F a ƙarshe, kamar 265KF, ya rasa wannan, domin an kashe masa sashen hoto. Katunan Nvidia na jerin RTX 50 sun fara warware 4:2:2 su ma, don haka wanda ke da ɗaya daga cikinsu wannan hujjar ta yi masa rauni.

Sashen NPU, wato na ayyukan ƙirƙirarriyar basira, da Intel ya saka a Core Ultra 200S bai kai a sa shi a lissafi ba. Ƙarfinsa TOPS 13 ne, wato lissafi tiriliyan 13 a sakan, Microsoft kuma 40 yake nema kafin ya kira kwamfuta Copilot+.

Mai son duka biyun fa? An yi masa Ryzen 9 9950X3D a watan Maris na 2025: cibiya 16, L3 mai 128 MB. Amma akwai abin da ya kamata a sani. Cibiyoyin a fale biyu suke, takwas-takwas, kuma ɗaya ne kawai ke da ƙarin ma'ajiyar. Dole Windows ya gane cewa wasa ake yi, ya tura shi falen da ke da ita, ya kwantar da ɗayan. Wannan ya dogara ne da direban cifset na AMD da kuma Xbox Game Bar. Wanda ya goge Game Bar don "tsaftace" Windows, ko ya ɗora sabon furosesa a kan tsohon Windows ba tare da sabunta direba ba, wasansa zai iya sauka a falen da ba shi da ma'ajiya, ya yi ta mamakin inda ƙarfin ya tafi. 9900X3D shi ne mafi wuyar karewa a jerin: shida-shida ne, wato wasa cibiya 6 kawai yake samu masu ma'ajiya, ƙasa da 8 na 9800X3D.

Intel ma yana da irin tasa matsalar rabon aiki. Thread Director, mai rabon aiki da ke cikin furosesan, da Windows 11 ne ke yanke shawarar abin da zai hau manyan cibiyoyi, kuma wani lokaci aikin da aka tura bayan fage, kamar na'urar kwaikwayo da aka sauke tagarta ƙasa, yakan koma kan ƙananan ya yi sanyi. Sauya tsarin wuta zuwa mafi ƙarfi yakan magance shi.

Wuta da zafi

Lambar TDP, wato ƙiyasin zafi a wat, da ke kan kwali ba ita ce abin da furosesa ke sha ba. Na AMD masu 65 W, wato 9600X da 9700X, suna kai wa 88. Masu 120 suna da izinin kai wa 162. 9950X da aka rubuta wa 170 yana zuwa wajen 200. A Intel, 125 W na tushe ne kawai: 285K da 265K suna da izinin 250, 245K kuma 159. A wasa duk suna sauka ƙasa da haka, 9800X3D ma sau da yawa ba ya kai 100. Inda Intel ya fi AMD shi ne lokacin zaman banza, domin falen shige da fice na Ryzen yana shan wuta ko ba a komai. Ga kwamfutar da ke kunne dare da rana tana ƙaramin aiki, wannan abin dubawa ne.

9600X da 9700X, mai sanyaya na iska mai hasumiya ɗaya ya ishe su. AMD daga baya ya ƙara musu zaɓin 105 W a BIOS wanda garanti ya rufe. Yana ƙara maki a aikin dukkan cibiyoyi, a wasa kuwa kusan babu bambanci. 9950X da 285K suna son hasumiya biyu ko na ruwa mai 280 ko 360 mm. Iyakar zafin Ryzen 9000 digiri 95 ne, na Core Ultra 200S 105, kuma furosesan zamani da gangan yake matsowa kusa da iyakarsa muddin akwai sauran gudu da zai samu. Abin tsoro shi ne ka ga 90 alhali ba a aikin komai. Galibi dalilin ɗaya ne daga uku: ba a ɓare ledar da ke ƙasan mai sanyaya ba, ba a ɗaure kusoshi huɗun daidai ta hanyar tsallake-tsallake ba, ko famfon ruwa ba a soke shi a mazauninsa ba.

Wajen akwatin wuta, haɗa iyakar furosesa da ta katin hoto, ka ƙara kamar 80 na sauran kaya, sannan ka bar sarari. 285K da RTX 5080: 250 da 360 da 80, jimla 690, sai a nemi mai 850. Wayar furosesa mai baki 8 da ta katin hoto mai baki 8 sun yi kama, amma jerin wayoyinsu ba ɗaya ba ne. Duba rubutun da ke jikin kan kafin ka tura.

Madabod da RAM, inda ake yawan tafka asara

Furosesa ba ya tafiya shi kaɗai, soket kake saya tare da shi. Soket ɗin Ryzen 9000, wato AM5, ya fito a 2022, kuma AMD ya yi alkawarin riƙe shi har 2027 ko fiye. Tarihi na goyon bayansa: AM4 ya ɗauki Ryzen na farko a 2017, ya kuma ɗauki 5800X3D a 2022. Core Ultra 200S kuwa sabon soket ya zo da shi, LGA 1851, kuma Intel ya saba sauya soket bayan zango biyu ko uku. Wanda ke shirin fara da 9600X ya canza zuwa babba nan da shekara uku ba tare da taɓa madabod ba, AM5 ne ya fi ba shi tabbaci. Wanda kuwa ke haɗa kwamfuta ya manta da ita shekara shida, wannan hujjar ba ta shafe shi ba, domin kafin lokacin komai ya sauya.

A AM5 ba dole sai madabod mai cifset X870 ba. Madabod mai B650 ko B850 mai kyakkyawan sashen wuta yana ɗaukar 9800X3D ba tare da rage masa komai ba. Abin da X870 ya tilasta shi ne USB4, kuma layukan PCIe da yake ci ya sa a wasu allunan, idan ka cika wani mazaunin M.2, katin hoto ya sauka daga layi 16 zuwa 8. Littafin madabod yana da teburin da ke nuna wannan, karanta shi kafin ka zaɓi ramin SSD. Tsohon B650 da ya daɗe a kwali zai iya ƙin tashi da Ryzen 9000 sai an sabunta BIOS. Yawancin allunan AM5 suna da maɓallin yin haka ba tare da furosesa ba: a tsara filashi da FAT32, a sa fayil ɗin da sunan da kamfanin ya ce, a soka a ramin USB da aka yi wa alama, a danna, a jira fitilar ta daina ƙyaftawa. Kar a cire wuta a tsakiya. A ɓangaren Intel, ƙara wa furosesa mai K gudu da kuma 200S Boost sai da Z890; B860 na ba da damar ɗaga RAM kawai.

Dukansu DDR5 suke ci. Ga Ryzen, inda aka fi samun daidaito shi ne DDR5-6000 mai CL30, domin a nan mai kula da RAM ke tafiya da gudu ɗaya da RAM ɗin. Idan aka haura sosai, yakan koma rabin gudu, sai ka sayi mai 7200 ka samu sakamako daidai ko ƙasa da na 6000. Core Ultra akasin haka ne, yana jin daɗin RAM mai gudu, 6400 ne a hukumance, kuma da nau'in CUDIMM mai ɗauke da nasa mai daidaita agogo ana kai 8000. Wannan na nufin makin da ka gani na 285K a gwaji wataƙila da RAM mai tsada aka same shi, sai ka sa shi a lissafi.

Sanda biyu, ba huɗu ba. DDR5 ba ya son a cika ramuka huɗu, a AM5 gudun da aka tabbatar a hukumance da sanda huɗu 3600 ne kawai. Mai buƙatar 64 GB ya ɗauki 32 biyu, ya sa su a rami na biyu da na huɗu daga furosesa. Tashin farko a AM5 yakan ɗauki minti biyu ko uku allo baƙi, madabod na gwada RAM ne, kar ka kashe. Bayan nan ka shiga BIOS ka kunna EXPO a AMD ko XMP a Intel, in ba haka ba RAM ɗin zai zauna a 4800 ko 5600. BIOS ɗin kuma ya zama sabo, domin a 2023 an samu wasu Ryzen 7000, musamman X3D, da suka ƙone saboda ƙarfin lantarkin SoC, wato sashen da ke kula da RAM da shige da fice, ya yi yawa, har AMD ya ƙayyade shi a 1.3 V.

Masu son matse Ryzen suna amfani da Curve Optimizer su rage lantarki, a fara da −10, a gwada, a sauka −15 ko −20. Abin da ke yaudarar mutane shi ne rashin daidaiton ba ya bayyana a gwaji mai nauyi. Kwamfutar za ta wuce Cinebench lafiya, sannan ta mutu tana zaune ana karanta shafi, domin a ƙaramin aiki ne cibiya ɗaya ke tsalle zuwa ƙololuwar gudu da ƙarancin lantarki.

Batun zango na 13 da na 14 na Intel

Har yanzu ana samun Core i7-14700K da i9-14900K, kuma suna da abin jan hankali: ƙarfinsu a wasa bai tsufa ba, wasu allunan LGA 1700 kuma suna karɓar DDR4 ga wanda ke da shi a hannu. Amma waɗannan ne Intel ya amsa a 2024 cewa suna neman lantarki fiye da kima, abin da ke cinye wani sashe na da'irar agogo a hankali, har kwamfutar ta fara faɗuwa a wasanni da lokacin buɗe fayiloli. An fitar da gyaran 0x129 a watan Agusta, 0x12B a Satumba, aka kuma ƙara shekara biyu a garanti. Gyaran yana hana lalacewa ta gaba, ba ya warkar da wadda ta riga ta faru. Sabo a kwali, da BIOS na yanzu da saitin wuta na Intel tun ranar farko, ana iya zama da shi, sai dai 14900K na shan 253 W kuma soket ɗin ya zo ƙarshen hanyarsa. Na hannu kuwa babu yadda za a san watanni nawa ya yi yana shan lantarkin da ya wuce ƙa'ida, kuma gwajin minti goma a gaban mai sayarwa ba zai nuna ba.